Idon Shamsu na Hagu

Asabar, 11 ga Janairu, bayan magariba

An ba Shamsu riga! Jikana ya shiga cikin 'yan wasan farko! Ko bismillah ban yi ba na kama rubutu, Allah ya yafe mini.

Bari in bi a hankali kamar yadda malaminmu na makarantar dare a Funtuwa ya koya mana, in ba haka ba gobe ni kaina ba zan iya karantawa ba. Yau da safe a filin da suke wasan besbol, wanda ake buga ƙwallo da sanda, Koci Obidiyo ya tara yaran ya kira sunan Shamsu. Ya miƙa masa shuɗiyar riga da hula, ya ce daga yau shi zai tsare tsakanin matsaya ta biyu da ta uku. Nan ne ƙwallon ya fi bi, kuma nan ne shi kansa kocin ya tsare lokacin da yake wasa. Yaran Amurka da na Japan da na Filifin suna tsaye, aka ɗauki jikan direban tirela.

Na yi ihu har hulata ta faɗi. Shamsu ya zo yana harara ta.

"Baba Tsoho, don Allah ka daina, kana ba ni kunya."

Na ce, "Kai da ko gemu babu, a ina ka samo kunya? Rago kawai."

Ya ce, "Ragon ne aka ba riga. Kai me aka taɓa ba ka?"

Na kira ubansa, wayar ba ta shiga ba. Ɗan nawa Injiniya yana can tsakiyar teku wajen aikin gas, sai ƙarshen wata. Tun da ya kawo ni Doha bayan rasuwar matata Hajiya, kai Shamsu fili ya zama aikina, tunda uwarsa Khadijatu tana koyarwa. Mu shiga jirgin ƙasa a Bin Mahmud, mu sauya a Mushairib, mu sauka mu taka. Da muka dawo na faɗa mata daga bakin ƙofar kicin. Ta durƙusa ta ce, "Alhamdu lillahi, Baba." Iyakarta ke nan. Yarinyar kirki ce, amma har yau ba ta taɓa haɗa ido da ni ba.

Talata, 14 ga Janairu, bayan isha'i

Bayan atisaye kocin ya saya mini shayin karak, muka zauna a benci. Turancinsa a karye, nawa na tasha, sai muka dace. In ta ƙi mu ƙara da hannu. Yana kirana Abuwelo, wai kaka ke nan da harshensu.

Ɗan ƙasar Benizuwela ne, gajere, ƙafafu a gwame, da tabo a girar hagu. Ya ce yana ɗan shekara sha shida aka ɗauke shi daga garinsu na bakin teku aka kai shi Amurka. Ya yi shekaru a ƙananan ƙungiyoyi, kullum a cikin bas, daga wannan gari zuwa wancan. Na ce ashe ɗan'uwana ne, mu biyu hanya ce ta cinye mana ƙuruciya. Sau ɗaya aka ɗaga shi zuwa manya, bai cika wata biyu ba aka mayar da shi. Ya nuna mini hoton a waya, siririn yaro ya yi tsalle sama, wani yana zamewa a ƙarƙashinsa. Daga nan ya yi Meziko, ya yi Italiya, in sanyi ya zo ya koma gida ya yi wasa. Da ya daina sai ya kama koyarwa, ƙasa ƙasa, har ya faɗo nan.

Na tambaye shi me ya gani a jikin Shamsu. Ya ce sauran yaran in ƙwallo ya taho a ƙasa da gudu sai su kau da fuska. Shamsu ba ya kau da fuska. Ya ce wannan ba a koya wa mutum, sai dai a same shi da shi.

Ƙwallon nan na riƙe shi. Girman lemo ne, amma dutse ne aka yi wa riga.

Asabar, 18 ga Janairu, azahar

Muna asibiti.

Asabar, bayan isha'i

Ba komai. Likita ya ce yana yawan faruwa.

Ba zan rubuta yadda abin ya yi ƙara ba. Ƙwallon ya taho a ƙasa, Shamsu ya sunkuya yadda aka koya masa, sai ƙwallon ya ci karo da wani abu ya yi sama. Bai kau da fuska ba. Kocin ya riga kowa isa, ya hana a taɓa wurin, ya yanke kofin takarda ya kifa masa a ido ya manna. A motarsa muka tafi. Duk hanya yana magana da harshensu shi kaɗai.

Idon hagu ne. Jini ya kwanta a ciki, a gaban baƙin, kamar jan shayi a gindin kofi. Sun ɗebi jininsa sun tambayi Khadijatu ko yana da AS. Ta ce yana da shi. Likitan ya kalli abokin aikinsa. Wannan kallon ban so shi ba.

Sun rufe idon da wata 'yar garkuwa ta roba, sun ba da magungunan ɗigawa, sun ce mu tafi gida mu riƙa dawowa. Ba komai.

Lahadi, 19 ga Janairu, hantsi

Ya kwana a jingine da matasai uku. Ya ce yana ganin haske da idon, kamar ta cikin labule.

Kafin ta fita aiki Khadijatu ta tsaya a bayan ƙofata ta yi sallama.

"Baba, likita ya ce kada ya yi gudu, kada ya ɗauki abu mai nauyi, kada ya sunkuya."

Na ce to.

Ta ce, "Har da..." sai ta yi shiru.

Na ce, "Har da me, 'yar nan?"

Ta ce, "Ba komai, Baba. Na riga na faɗa masa. A yi mana addu'a."

Na hana shi ɗaukar ko cokali daga ƙasa. Takalmi ma ni nake tura masa da ƙafa.

Litinin, 20 ga Janairu, bayan la'asar

Sauƙi ya samu. Jinin ya ja baya, likita ya nuna mini da yatsa. Har Shamsu ya ci shinkafa faranti guda.

Da azahar na shiga ɗakinsa na tarar da shi a kan kujera yana salla, yana ɗan gyaɗa kai kamar ƙadangare. Na jira ya sallame na fashe da dariya.

"Ƙato da kai kana salla a kujera kamar tsohuwa? Ni da gwiwoyina suke ƙara kamar tsohuwar gadar mota ina kai goshina ƙasa, kai ɗan ƙwallo ɗaya ya mayar da kai kakata?"

Ya ce, "Mama ce ta ce."

Na ce, "Ɗan Mama. Gobe sai mu saya maka zane."

Ya yi dariya, ya ture kujerar. Da la'asar muka shimfiɗa darduma biyu. Na ce masa babu inda bawa yake fi kusa da Ubangijinsa kamar a sujada, ya daɗe a nan ya roƙi idonsa. Muka daɗe. Da muka ɗago hankalina ya kwanta, rabona da jin haka tun Asabar.

Talata, 21 ga Janairu, bayan magariba

Yau ma mun yi tare, azahar da la'asar, da nafila. Ya ce kansa yana ɗan sarawa. Na ce kallon waya ne, na karɓe ta.

Laraba, 22 ga Janairu, da safe

Ya tashi da amai. Idon duk ya rufe da jini, baƙi ƙirin. Sun kwantar da shi.

Laraba, bayan la'asar

Likita ya ce jinin ya sake ɓallewa, kuma ya fi na farko. Ya ce idon ya cika ya yi tauri, kamar tayar da aka yi wa iska fiye da kima, kuma ga masu AS jijiyar gani ba ta jure wannan da daɗewa. Khadijatu ce ta fassara mini, tana kallon ƙasa. Na tambaya in jijiyar ta gaji fa? Ba ta fassara amsar ba.

Likitan ya tambaye ni, tunda ni ne da Shamsu da rana: ya faɗi? Ya yi gudu? Ya yi wasa? Ya sunkuya ya ɗauki wani abu? Na ce ko kusa, ko cokali ban bari ya ɗauka ba. Shamsu yana kwance yana ji, bai ce komai ba.

Hasken ma yanzu ba ya gani.

Alhamis, 23 ga Janairu, azahar

Injiniya ya kira. An hana jirgi mai saukar ungulu tashi saboda iska a teku, sai ta lafa. Ya ce, "Baba, hankalina a kwance yake tunda kana nan." Na ce to.

Ba komai. Suna ɗiga magani kowane lokaci. Asibiti ne mai kyau, ko'ina ƙal.

Juma'a, 24 ga Janairu, bayan la'asar

Kocin ya zo. Ya rame, bai yi aski ba. Ya kawo wa Shamsu ayaba da ƙwallon wasan ranar, duk yaran sun sa hannu a jiki. Khadijatu ta karɓi ayabar, ta sa ƙwallon a jaka ta zuge.

Ya zauna a gefen gado ya taɓa tabon girarsa, ya ce da Shamsu shi ma ta nan ya bi. A gida ne, wasan lokacin sanyi, fili cike da mutane, ƙwallo ya yi masa irin wannan tsallen. Shi ma jini ya kwanta. Ya ce mako biyu ya yi a zaune a kujerar uwarsa kamar gunki. Ita take ɗaure masa igiyar takalmi, ita take wanke masa ƙafa. Ya ce uwar tana son ta kai shi coci ya durƙusa ya sunkuyar da kai a roƙa masa, likitan ƙungiya ya ce in ta yi haka ta makantar da shi da hannunta. Sai ya tashi ya nuna mana. Ya dafa ƙirjinsa, ya dafa kansa, ya ce kai kada ya sauka ƙasa da nan. Ya rusuna kamar zai kai goshi ƙasa, ya miƙe da sauri yana kaɗa yatsa. "La, la, la. Khalas ido." Wato a'a, ido ya tafi ke nan.

Ana cikin haka aka kira la'asar a masallacin asibitin.

Na kalli Shamsu. Ya juya fuskarsa bango.

Ban san yadda na fito ba. Na tsinci kaina a wajen ajiye motoci, takalmina ɗaya a ƙafa.

Asabar, 25 ga Janairu, hantsi

Na ninke shafin Litinin. Ba na son in gan shi in na buɗe.

Asabar, bayan magariba

Ni a wurina sunkuyo daban, salla daban. Shekara sittin da wani abu ban taɓa sa su a layi ɗaya ba. Wannan ba hujja ba ce, rubutawa kawai nake yi.

Na sami limamin masallacinmu, ɗan Sudan ne, na tambaye shi kamar a kan wani nake tambaya. Ya ce ai wannan yara ma sun sani, mara lafiya ya yi a zaune, in bai iya ba a kwance, ladansa cikakke. Na ce na sani. Wallahi na sani. Hajiya wata shida ta yi tana salla a kan gado, ni nake juya ta gabas.

Baballe mai gadin gininmu ya tare ni a ƙofa.

"Baba, ya jikin ɗan wasanmu?"

Na ce da sauƙi.

Ya ce, "Kai ne ba ka da sauƙi. Ka ci abinci kuwa? Zo ga tuwo yaran unguwar Fereej Abdel Aziz sun aiko mini."

Na ce na ƙoshi. Ya ce ƙarya ba ta yi wa furfura kyau, ya tura mini kujera. Na ci loma biyu don ya ƙyale ni.

Lahadi, 26 ga Janairu, bayan azahar

Na faɗa wa Khadijatu.

A barandar asibiti ne, ita tana wannan ƙarshen benci ni ina wancan. Ban kai ƙarshe ba ta ce, "Na sani, Baba. Na ga darduma biyu a ɗakinsa ranar Talata."

Na ce, "To me ya sa ba ki yi magana ba?"

Ta ce, "Yaya zan buɗe baki in gaya wa Baba yadda ake salla?" Ta ce ta yi niyyar ta kira Injiniya shi ya faɗa mini, waya ta ƙi shiga, ta ce bari gari ya waye. Gari ya waye da amai.

Ta yi kuka, ni ma ban tsaya ba. Na ce daga yau in abu ya shafi yaron nan ta kalle ni ta faɗa mini kamar yadda za ta faɗa wa ɗan ajinsu, na yafe mata kunyar. Ta ce to, tana kallon ƙasa.

Tare muka je wurin likita. Ya saurara, ya ce mai yiwuwa shi ne, mai yiwuwa kuma ba shi ba ne, jinin nan yakan sake ɓallewa ko yaro bai motsa ba. Ya ce ba wanda zai iya rantsewa. Na so ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Maganin bai sauke taurin ba. Gobe za su shiga su wanke idon.

Litinin, 27 ga Janairu, da safe

Sun shiga da shi. Ya ce mini, "Sai na fito, Alhaji." Bai taɓa kirana Alhaji ba.

Litinin, la'asar

Ya fito. Sun ce sun wanke, taurin ya sauka. Ko jijiyar ta tsira, ba za a sani ba sai kumburi ya saɓe.

Kocin ya wuni a baranda tare da ni. Ya bar atisaye a hannun wani uba. Yana juya wani ɗan carbinsu mai gicciye, ina jan nawa. Can na yi masa tambayar da nake ɗauke da ita tun Juma'a. Na nuna idonsa na ce, naka yana gani?

Ya ce, "Gud, gud, Abuwelo."

Na ci gaba da kallonsa. Sai ya rufe na dama da tafin hannu, ya juyo gare ni. Ya ce yana ganin akwai mutum a nan, amma ba zai ce wane ne ba.

Ya ce ya ƙara shekara uku yana wasa a haka. Kamawa yana kamawa, don ƙafafunsa sun haddace inda ƙwallo yake bi. Bugawa ce ta gagara, ƙwallon da aka murɗo sai ya ɓace masa a hanya. Daga nan ƙungiyoyi suka daina kiransa, wani tsohon kocinsa ya ba shi aikin buga wa yara ƙwallo a ƙasa suna kamawa. Ya ce shekara ashirin ke nan yana gaya wa 'ya'yan mutane kada su kau da fuska. Ya ce tun Asabar ɗin nan ya kasa faɗin kalmar a fili.

Na so in ce masa ba shi ba ne, in gaya masa ko wane ne. Turancina bai kai nan ba. Na dafa gwiwarsa kawai.

Laraba, 29 ga Janairu, bayan isha'i

An sallame mu. Injiniya ya sauka. Ya shiga ɗaki da matarsa suka daɗe, ya fito ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, ya tambayi gwiwoyina. Ban sani ba ko ta faɗa masa.

Juma'a, 31 ga Janairu, hantsi

Shamsu ya zama mai ladabi. "Ina kwana, Alhaji." "Na gode, Alhaji." In na shiga ɗakin sai ya gyara zama. Na gwada ce masa rago, na kasa.

Ba komai. Ciwo ne yake sa yaro shiru.

Lahadi, 2 ga Fabrairu, bayan la'asar

Na kai kujera ta biyu ɗakinsa. Farilla ina yi a tsaye yana bina a zaune. Nafila kuwa na zauna kusa da shi muka yi tare, kafaɗa da kafaɗa. Ya leƙo ni da ido ɗaya.

Khadijatu ta shigo da maganin ɗigawa, ta tarar na kwantar masa da kai baya da yawa. Ta ce, "Baba, ba haka ba. Ɗago shi." Da ƙarfi ta faɗa, har ita kanta ta tsorata. Na ɗago shi.

Talata, 4 ga Fabrairu, azahar

Ya ce yana ganin taga. Ba abin da ke cikinta ba, tagar kawai.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, bayan magariba

Na rufe idona na hagu da hannu na yi yawo a falo in ji yadda abin yake. Na zuba ruwa a kofi ya zube a gefe. Na miƙa hannu ga ƙofa na kama iska. Yaro ɗan shekara sha ɗaya. Ko mota ba za su bari ya tuƙa ba a wasu wuraren.

Kocin ya aiko da saƙon murya, yaran suna ihu suna kiran sunan Shamsu. An ci su wasa biyu. Ya ce wanda ya sa a wurin Shamsu yana rufe ido tun kafin a buga. Shamsu ya saurara sau biyu ya miƙo mini wayar.

Ya ce, "Alhaji, in bai warke ba, kada ka ce kai ne."

Na ce, "Wa ya ce ba zai warke ba?"

Ya ce, "Ni ne na ture kujerar."

Na fita na ce zan sayo burodi. Akwai burodi a gidan.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, da safe

Laraba za su gwada.

Talata, 11 ga Fabrairu, bayan la'asar

Gari duk ana hutun ranar wasanni, mutane sun cika bakin teku da gajerun wanduna. Mu muna gida. Na goge takalman kowa. Na sake goge su. Gobe.

Laraba, 12 ga Fabrairu, bayan azahar

Yana gani! Yana gani! Idon yana gani!

Bari in zauna. Bari in bi a hankali.

Mun je mu huɗu, kocin kuma ya riga mu, yana tsaye a baranda da hularsa a hannu. Ba su bar shi ya shiga ba. Likita ya cire garkuwar, ya haska, ya daɗe yana leƙawa ta cikin na'ura. Sannan ya rufe wa Shamsu idon dama, ya kunna allon haruffa a bango.

Babban harafin sama Shamsu ya tsaya a kansa. Ya ƙifta, hawaye ya zubo, ya sake ƙiftawa. Ni na riga na karanta shi a zuciyata ina ta tura masa. Sai ya faɗa. Likita ya sauka layi na biyu, ya faɗa. Na uku, ya faɗa. Ashe ni ma a fili nake faɗa tare da shi, har Khadijatu ta ce, "Baba, yi shiru mana, ba kai ake gwadawa ba." A gaban mijinta, a gaban likita! Na yi shiru na ci gaba da motsa baki.

A layi na biyar na tsaya. Ni da idona biyu ban ga komai ba sai ƙudaje a jere. Shamsu ya wuce. Ya yi kuskure ɗaya, ya gyara, ya shiga na shida ya karanta rabi, sannan ya ce sun haɗe. Ya juyo da idon nan ja, ɗaya rufe, ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Baba Tsoho, a ina ka tsaya?"

Na ce, "Ina ruwanka."

Ya ce da likita, "Ku gwada wannan tsohon, shi ne makahon gidanmu."

Aka zaunar da ni a kujerar, aka gwada, aka rubuta mini tabarau. Injiniya ya yi dariya har ya dafa bango.

Likita ya ce bai dawo daidai da ɗan'uwansa ba, wataƙila ya ƙaru wataƙila ya tsaya a nan, baƙin idon kuma zai zauna da ɗan faɗi. Za a riƙa duba taurin duk shekara har girmansa. Wasa sai bayan watanni, kuma da tabarau na kariya. Salla a ƙasa sai ya ba da izini da bakinsa. Na ce ya rubuta mini ranar da manyan baƙaƙe.

Da muka fito Shamsu ya rufe idon dama da hannu, ya tsaya daga nesa ya ce, "Koci, ba ka yi aski ba, kuma rigarka a juye take." Kocin ya duba rigarsa, a juye take. Ya zame ya zauna a ƙasa a tsakiyar baranda, ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna rawa. Masu jinya suna kewaye shi. Ni da Injiniya muka ɗaga shi.

Na riga na aika wa Baballe ya watsa a wayar 'yan gida, amma bari in sa a nan ma. Jama'ar Bin Mahmud, da na Fereej Abdel Aziz, direbobi da masu gadi da likitoci, da limaminmu, da yaran ƙungiya da iyayensu ko ba sa jin Hausa: jibi Juma'a bayan an sauko, gidan Injiniya, hawa na uku. Khadijatu za ta yi waina, kocin ya ce zai kawo tasu ta masara mu gwada wadda ta fi. Kowa ya zo da abin da yake so a karanta masa, takardar kanti ko lambar mota, ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga, yaron zai rufe ido ɗaya ya karanta masa daga kan kujera. Kada wanda ya ce an ba shi labari. Ku zo ku gani da idonku.